Don Kada Sajan Ta Daina Zuwa Na Jefa Tela a Masifa

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Ni ban yi boko ba, da murya na turo, a rubuta yadda na faɗa, a ɓoye sunana. Kafin ku zage ni ku bari in kai aya, don na haifi da yawa daga cikinku.

A Kurudu nake, gidan haya, ina suyar ƙosai a bakin layi. Maigidana ya rasu. Ɗana yana tuƙi a tashar Jabi, sai dai waya, ita ma sai na yi masa filashin. 'Yata aure ya kai ta nesa. Ni ba mai sakin fuska ba ce. Yaro ya wuce bai gaishe ni ba sai na dawo da shi, mace ta yi shanya a igiyata sai ta ji a jikinta. Shi ya sa daga tsaye ake gaishe ni, ba mai zama.

Kwanaki mai unguwa ya tara mu, masu gidaje, masu abinci, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. 'Yan sanda suka yi bayanin yadda miyagu ke jan matasa da sunan addini. Suka ce mu lura da wanda ya yanke hulɗa da kowa farat ɗaya, ko ya fara kafirta iyayensa, ko yake yabon masu zubar da jini, ko baƙin fuska ke yi masa zarya. Suka ce ba kamu ake nufi ba, so ake a taro mutum tun bai faɗa rami ba, kuma gemu da ɗage wando ba alama ba ne. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

A gidanmu akwai wani matashi mai ɗinki, da matarsa da jaririya, bari in kira shi Tela. Ya daina bin limamin unguwa, ya koma wani masallaci. Rannan ya dubi layar wuyana ya ce, "Iya, wannan fa shirka ce, ki cire." Ni? Layar da uwata ta ɗaura mini? Na kai maganarsa wurin 'yan sanda.

Aka turo wata 'yar sanda, Sajan, Kirista ce daga wajen Filato. Ta cire takalmi ta zauna a kan tabarmata. "Mama, an ce kai ne idon unguwa," in ji ta da Hausarta ta Abuja. Na ce, "Idon ma ya fara hazo." Ta tuntsire da dariya, ta ci ƙosai, ta tambayi gwiwata da ke ciwo, ta ba ni labarin surukarta mai mita. Jama'a, rabon da wani ya ce da ni "to sai me ya faru, Mama?" kuma ya jira amsa, na manta.

Su kam sun yi aikinsu tsakani da Allah. Sun zauna da Tela, sun ji ta bakin liman da ta sabon malaminsa. Sajan ta dawo ta ce, "Mama, mun duba, babu komai. Canjin malami ne da rashin iya magana. Mun gode, an rufe." Ta miƙe tana laluben takalmi. Na dubi tabarmar nan, ban san sanda bakina ya ce, "To baƙin da ke zuwar masa da jakunkuna fa?" ba. Ta dawo ta zauna.

Wallahi baƙi suna zuwa, jakunkuna ma akwai. Amma na san yadi ne a ciki, tela ne fa! Ban faɗa ba. Zuwa na gaba na ce yana rufe ƙofa yana jin wa'azi a waya can ƙasa-ƙasa, ban ce don kada jaririya ta farka ba ne. Kowane zuwa sai na tanadar mata ɗan abu, kamar mai watsa wa kaza tsaba. Ina ce wa raina ai ba ƙarya na shara ba, rabi na faɗa. Rabin gaskiya da ƙarya, wa ya raba musu uwa?

An kira shi ofis, an sake kira. Mutane sun ga mota a ƙofar gida. Masu kawo masa ɗinki suka kwashe kayansu, mai gida ya ba shi notis, matarsa ta daina fitowa tsakar gida sai ta ga ba kowa. Ba wanda ya san ni ce, Sajan ta riƙe amana.

Jiya ta ce da ni, "Mama, Oga yana so ya ji daga bakinka ran Alhamis, maganar za ta wuce sama." Yau da hantsi kuma Tela ya zo ya durƙusa gaban kaskona. Ya ce, "Iya, ke ce babba a gidan nan, kina ganin shigata da fitata. An ce ran Alhamis in zo da wanda zai shaide ni, kowa ya zame. Don Allah ki raka ni." Na ce, "Tashi, kana tare mini ciniki." Ya tashi ya ce, "Allah ya ƙara girma, Iya." Ƙosan ya ƙone a gabana ina kallo.

In na faɗi gaskiya, na zubar da Sajan a gaban Oganta, ita da ta ɗauki maganata ta hau kai, kuma gobe in na ga na gaske wa zai saurare ni? In na yi shiru, mutum da iyalinsa za su shiga abin da ba su ji ba ba su gani ba. Abin da ya fi ba ni kunya kuwa, har yanzu da nake wannan magana, zuciyata dabara take nema ta yadda Tela zai kuɓuta Sajan kuma ba za ta daina zuwa ba.

Alhamis jibi ce, kowannensu yana jiran in tsaya a gefensa. Me zan yi?