Lambar da na riƙe awa uku

Laminu ƙanena,

Assalamu alaikum. Na san babu masinjan da zai kai maka wannan takarda, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Inna tana nan Maradi, ƙafar ce dai ke damunta. Ɗiyarka Rabi ta fara tafiya. Matarka Hadiza kuwa wata goma ke nan ba ta san matsayinta ba: ba ta shiga takaba ba, ba kuma ta da miji. Ni na jawo. Na ce masu kana wani sansani a Italiya inda ake karɓe waya. Ƙarya na yi, kuma duk Juma'a sai na ƙara mata gishiri.

Ka tuna bakina? Cikin direbobin tasi a filin jirgin sama na JFK, ni ne mai cewa jiragen ceto su ke zuga yara shiga teku, a janye su kowa ya zauna gida. Ina taƙama ta jirgin sama na shigo, da wanke-wanke na fara har na yi motar kaina da shago a unguwar Mount Hope. Sau biyu ka roƙe ni in nema maka hanya, na ce ka tsaya ka zama namiji tukuna.

Ranar da ka kira, ina layin jiran fasinja, rana tsaka. Ka ce kuna tsakiyar teku, ruwa na shiga kwale-kwalen robar da kuke ciki. Ka karanto mini lambobin wurin da kuke, na rubuta a bayan rasit. Sai ka haɗa ni da Allah in kira masu ceto na Turai kaɗai, kar in kira 'yan sintirin ƙasar da kuka baro, don wata bakwai ka yi a kurkukunsu kuma gara mutuwa da komawa.

Na kira masu agajin. Wata mata ta ce za ta sanar, amma jirginsu sai ya kwana a hanya. Akwai jirgin kaya kusa da ku, aka yi ta kiransa, bai juyo ba. Na tsine wa direban jirgin nan har muryata ta dushe. To me ya yi wanda ban yi wa'azinsa ba?

Ga abin da ba wanda ya sani. Wani direba ɗan Kumasi ya ba ni lambar mutumin da zai iya tura 'yan sintirin nan. Su ne mafi kusa da ku. Laminu, awa uku na riƙe lambar. Ina kallonta, ina jin rantsuwar da ka sa ni. Ban taɓa yi maka abin da ka roƙa ba sai ranar. Da na kira, an je, ba a tarar da komai ba sai jarkoki.

Kuma ba kai kaɗai ba ne a ciki. Na ji kukan jariri a bayan muryarka. Uwarsa ta sa ni rantsuwa? Wa ya ba ni ikon zaɓar mata? Da na ci amanarka tun a awar farko, da yau kana kurkuku kana zagina, ina jin zagin ina godiya ga Allah. Ko kuwa da can ɗin ma kashe ka za su yi? Gaya mini. Na tambayi limaminmu, ya ce in yi ta istigfari.

Gobe bayan sallar Juma'a za a yi maka sallar gawa, babu gawa a gaban liman. Kafin nan zan kira Inna, in ce Hadiza ta shiga takaba. Inna za ta tambayi inda aka binne ka. Rasit ɗin nan kaɗai gare ni, kuma tawadar ta fara gogewa.

Allah Ya jiƙanka. Ka yafe mini in za ka iya, ni na kasa.

Yayanka da ya makara,
Abdu