Hauren Malam Isufu

Misfala, Makka.

Zuwa ga Inna Zali, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Inna, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Umma tana nan, idon ne dai ya ƙara dushewa, yanzu sai na riƙe hannunta muke zuwa Harami ranar Juma'a. Nuha ta yaye ɗanta. Ni kuma ina shagon tasbahar da kika sani, ina zura 'ya'ya a zare tun safe har la'asar.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a makaranta ba. Ban kira ki a waya ba ne don Umma tana jin duk abin da ake faɗa a ɗakin nan. Maganar guntun hauren giwar nan ce, na mahaifinku Malam Isufu, wanda ya rataya a wuya ya taho da shi a ƙafa tun daga gida. Kin tuna bara Yaya Sa'ud ya ce da a bar shi a akwati, gara a kai Jidda a yi tasbaha biyu, ɗaya taki, ɗaya ta Umma. Kowa ya sa masa albarka.

Ranar da ya kawo su, ina taɓawa na gane ba haure ba ne. Shekara tara nake wannan aiki. Haure in an kalle shi a rana, za a ga layuka sun gitta juna kamar saƙar tabarma. Ƙashin raƙumi kuwa ɗigo-ɗigo baƙi ne da shi, kuma shi na gani. Na ce a raina ƙila shi ma cutarsa aka yi. Wata bakwai ina nema masa uzuri.

Makon jiya maigidana ya aike ni Jidda karɓo kaya wurin wani masassaƙi. A ɗakin baya na ga 'yan gumakan haure a jere, ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Duk mace ce da kambi a kai, ta saɓa yaro a kwankwaso, ta ɗan karkata. Mutumin ya ce kwaikwayon na cocin Turawa ne na da, masu shekara ɗari bakwai, lanƙwasar hauren ce ta sa take karkata. Yana jiƙa su a shayi, ya kara a wuta su tsattsage, ya cusa ƙura a ninkin rigar, sai a fitar da su ƙasashen waje a ce tsofaffi ne. Na ɗauki ɗaya na juya gindinta. Inna, ga hudar da Kaka ya zura igiya, ga tabon ƙunar nan mai kama da wake, wanda Umma ke cewa a Sudan ya samu. Ina ƙarami nakan sa yatsa a hudar nan. Na tambayi wanda ya kawo. Ya ce wani dogo ne daga Makka mai tabo a gira, shi da bakinsa ya ce a yi masa mace mai yaro don ta fi tafiya, ya kuma sayi tasbahar ƙashi biyu.

Kin san tabon girar Yaya Sa'ud, sai na je na same shi a unguwar Ka'akiyya. Wallahi ko musu bai yi ba. Cewa ya yi halas, wato an gama, tsohuwa ba ta gani, ke kuma kina nesa, zikiri ai ko da tsakuwa ana yi. Na san ana yi. Amma ina wurin sa'ad da ya durƙusa Umma ta dafa kansa tana kuka, shi kuwa yana ta amin.

Ki fita rana ki dubi taki, ba sai kin yarda da ni ba. Umma dai ban faɗa mata ba. Ke ce yayarta, abin da kika ce shi zan yi, ko zai ɗauke ki shekara ina jira. Jiya zaren tata ya tsinke, ta rarrafa tana laluben 'ya'yan, tana cewa kada ko ɗaya ta ɓace, abin da ya rage mata na babanta ke nan. Na tsince mata su duka, na zura a zaren da ya fi ƙwari a shagonmu.

Ki gaida Kawu Ma'aruf, da Kabira da yaranta. Allah ya haɗa fuskokinmu a gaban Ka'aba.

Ni ne ɗanki,
Mahadi.