Mai Lema Ya Ƙi Ƙarasa Dara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa aiki albarka. Mu ma lafiya lau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene shanya duk da mun hana ta. Baba yana fita shago kullum, sai dai ɗinkin ya ragu, don ido ya fara ba shi wahala wajen zura zare.

Yaya, wani abu ne ya ɗaure mini kai. Ka tuna na saka wa Baba dara a waya, irin wadda za ka yi wasanka ka tafi harkarka, abokin karawa ya amsa cikin 'yan kwanakin da aka ɗibar masa. Tun daga nan wayar tana jingine jikin keken ɗinki, yana ta cinye mutane, kuma duk wanda ya ga ba mafita sai ya sallama, a rabu da godiya. Ana haka wani mai kiran kansa Mai Lema ya gayyace shi. Da farko kafin Baba ya ajiye almakashi Mai Lema ya amso. Amma tun da aka kwashe masa 'ya'ya aka matse shi a lungu, sai ya koma jan ƙafa. Ba ya taɓa wasan sai wa'adi ya kusa cika, ya matsa ɗa guda, ya sake ɓacewa.

Mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da shagon ya ce wannan tsabar rashin kunya ce, so yake tsoho ya gaji ko ya manta, ya ci nasara a banza. Baba ma ya yi ta faɗa da farko. Daga baya na tarar ya zana gidajen darar da alli a kan teburin yanka, ya jera maɓallai yana nazari. Ya ce mutumin nan ba kuɓuta yake nema ba, ƙarewar wasan ce ba ya so. Ya kuma ce yana buɗewa ta hagu, yana saurin sadaukar da ɗa, kamar wani da ya taɓa koya wa a kan teburin nan.

Ni kuwa ka san ni da bin diddigi. Na lura Mai Lema ba ya wasa sai lokacin da kake tashi daga aiki, kuma makon da jaririnku ya kwanta asibiti ko leƙowa bai yi ba. Yaya, kai ne? Tun da ka bar shago ka tafi ba da son ran Baba ba, ba ku yi magana ba sai ta bakin Umma.

A makon asibitin ne wa'adin ya cika, waya ta nuna wa Baba inda zai taɓa a ba shi nasara. Mai agogo har ya miƙa yatsa, Baba ya ture hannunsa, ya ƙara wa mutumin lokaci. Jiya yana guga, bai ko dube ni ba, ya ce in zan rubuta wa wani da ya san Mai Lema, in faɗa masa wasa ya riga ya ƙare, ya sallama kamar namiji. Kada ya ji tsoron komai, a ranar za a jera sabuwa. Amma wannan karon yana so ya ji muryar wanda yake cinyewa.

Umma tana gaishe ka, da Kawu da Gwaggo. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan jariri. Idan ba kai ba ne, ka yafe mini shisshigi. Idan kuwa kai ne, wayar tana nan jikin keke, kuma wasanka ake jira.

Ƙanwarka,
Auta