Kujerar Iyar Sama

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki duba ƙarƙashin matashinta, can take ɓoye maganin.

Saƙonki ya iso. Kin ce Kawu ya samo mini ɗaki a unguwar 'yan garinmu, in koma cikin masu jin yarena in huta. Wallahi kamar kin shiga zuciyata. Benen nan kowane ɗaki da yarensa, banɗaki ɗaya a kowane hawa, kowa na ganin ƙazantar maƙwabcinsa ce ta fi wari. Muna da Kwamitin Zaman Tare, aikinsu manna hoton hannuwa riƙe da juna a bakin ƙofa. Na ce wa shugabansu duk littattafan gwanjon da na karanta ban ga inda hoto ya wanke banɗaki ba. Ya ce ba ni da tarbiyya.

Wanda ya fi ƙona mini rai Mai Walda ne, ƙofarmu na kallon juna. Ƙato ne, rediyonsa ba ya gajiya. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma zagi kam muna fahimtar juna sarai.

Sai dai ki ce Kawu ya ɗan dakata. Akwai wata tsohuwa a hawan ƙarshe, Iyar Sama muke ce mata, ita ma yarenta daban. Wankin ƙoda ake kai ta asibiti, ga ƙafa ta ƙi. Ɗanta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, ya ce in ba mai sauko da ita zai kai ta gidan tsofaffi. Na dawo daga shagon guga na tarar da ita a kujerar roba a saman matattakala, Mai Walda riƙe da gefe ɗaya, yana hararata kamar ni na karya mata ƙafar. Matattakalar mutum biyu kawai take ɗauka. Ban yi niyya ba, Yaya, hanya suka tare mini, dole na kama ɗaya gefen muka sauko da ita.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Sarkin Tsiwa

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Ni dai da sauƙi, in ban da bayana.

Abin da na ɗauka na rana ɗaya ne ya zama aiki. Ni a ƙasa, shi a sama, don ya fi ni tsawo. Kin san tafin hannuna duk ƙunar dutsen guga ne, bakin robar nan kuwa kamar wuƙa. Shekaranjiya a kwanar hawa na biyu hannuna ya zame, ƙafar kujerar ta bugi bango ta tsage. Allah ya kiyaye, a ƙirjina Iyar Sama ta faɗo. Sai muka hau zagin juna ta saman kanta, shi da yarensa, ni da nawa. Ta cire silifa ta maka mini, ta juya ta maka masa. Adalcin da na fara gani a gidan nan ke nan.

'Yan kwamiti kuwa sai ga su da waya, wai mu tsaya a ɗauki hoton haɗin kai. Na ce shugaba ya zo ya kama ƙafa ɗaya, hoton zai fi kyau. Nan take ya tuna yana da ciwon kafaɗa.

Labari ya kai wa ɗan. Ya aiko cewa in ya dawo daga wannan tafiyar zai ɗauke ta. Da na mayar da ita ɗaki ta riƙe mini riga, ta nuna mini tsirran da take rayawa a gwangwani bakin taga, da gadon da mijinta ya rasu a kai. Ta yi ta magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma babu abin da ban gane ba.

Na gaji, Yaya. Ba uwata ba ce, ba yarena ba ce, na kusa kashe ta kuma. Ki ce wa Kawu ina nan tafe.

Naki,
Sarkin Tsiwa

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da man zafin, ya iso.

Bayan wancan rikicin Mai Walda ya tare ni a bakin banɗaki, ya cafki hannuna. Na ɗauka dambe ne, har na gyara tsayuwa. Ya buɗe tafin, ya duba ƙunar, ya gwada shi da nasa, ya saki, ya wuce ko kallona bai yi ba.

Ranar da ɗan ya zo da motar haya, na hau don in yi mata sallama. Sai na tarar da kujerar ƙarfe a ƙofarta, har da ɗamara. Mariƙin sama tsurar ƙarfe ne. Na ƙasa, wato nawa, an naɗe shi da robar taya, an lanƙwasa shi daidai hannuna. Aikin Mai Walda ne, ashe awo ya yi mini a bakin banɗaki.

Iyar Sama ta ƙi a taɓa mata kaya. Ta zauna a kujerar ta nuna ni da Mai Walda, ta nuna matattakala. Muka sauko da ita ɗan yana biye, kwanar nan ta hawa na biyu ko bango ba mu shafa ba. Da muka dire ta a ƙasa ta buga mariƙin, ta nuna sama. Muka sake hawa da ita, ina haki kamar zan mutu, ina tsine wa wanda ya gina benen. Daga baya ɗan ya sallami mai motar, ya ce mini da ɗan guntun yarenmu da ya tsinta a hanya, muddin akwai hannu a gaba da baya, tana nan.

Kada ki ɗauka an shirya. Rediyon na nan, banɗakin na nan, jiya ma mun yi. Amma ki ba Kawu haƙuri ya ba wani ɗakin. An auna mariƙin da hannuna, Yaya, na duba duk benen ban ga wanda zai shiga ba.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa bayana a addu'a.
Ƙaninki mai gajiya,
Sarkin Tsiwa