Da Sauƙi, In Ji Baba

Daura, daren Laraba

Mun dawo daga Kano ni da Baba, jikina duk ya mutu.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton bayan Baba, ya nuna inda faifan tsakanin ƙasusuwa ya zame ya danne jijiya. Ya ce akwai aikin da ake yi ta ɗan ƙaramin rami da kyamara, ba sai an tsaga baya ba. Amma ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ciwon ya sauko masa ƙafa, magani da gashin ƙashi suka kasa. Sai ya tambayi Baba ya jiki.

"Da sauƙi, Alhamdulillahi."

Mutumin da sai na tallafe shi yake fitowa daga mota. Raina ya ɓaci, amma ta yaya zan ƙaryata mahaifina a gaban baƙo? Ina kallo likita ya fara rubuta mana magani mu koma gida.

Can ya ajiye biro. "Baba, yaya kake sallah?"

Baba ya kalli ƙasa, ya ce, "A kujera, tun azumi. Ƙafar hagu ba ta ɗaukata."

Yanzu an ce mu koma gwaje-gwaje kafin a sa rana.

A hanyar gida, har muka wuce Kazaure Baba na cikin damuwa, na ɗauka tsoron aikin ne. Sai ya ce, "Sani, ka tambaye shi kuwa? In an yi, goshina zai sake taɓa ƙasa?"

Ban tambaya ba. Ni girman ramin na tsaya tambaya.