Mai Sunan Inna

Aziziya, Riyadh

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa, ya ƙafar taki, ya mutanen Katsina? Na san ba ki son saƙon murya, shi ya sa na rubuta da hannu, zan ɗauki hoto in turo.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ke da kika koyar har kika yi ritaya, ki ba ni shawara. Aji biyu na 'yan mata da aka ba ni a makarantar 'ya'yan baƙi ya gagare ni. Yawancinsu namu ne, na Najeriya da Nijar, amma a nan aka haife su, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Alƙur'ani da Hausa nake koya musu. An hana duka a nan, ni kuma kin san muryata, ko akuya ba ta kora.

Fitinar duk daga yarinya ɗaya take tasowa, mai sunan Innarmu ce, Allah Ya jiƙan Inna. Ina biya musu karatu, ta shige ƙarƙashin tebur tana kukan kyanwa. Jiya ta ɗaure gyalen Hanifa da na Sauda, suka tashi tare suka faɗi tare. Abin da ke ɗaure mini kai, in ta yi ɓarnar ba ta gudu. Kafe ni take yi da ido kamar mai jiran wani abu.

Mudira, shugabar makarantar, ta ce iyaye sun kawo ƙara. Ta ce kalmata take jira, a sallami yarinyar ko a bar ta. Ina tsoron haƙƙinta, ina tsoron haƙƙin sauran.

Ki gaida yara. Wassalam.
Ƙanwarki, Turai

*

Katsina

Turai,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, in ban da matakalar asibiti.

Na yi dariya har na ƙware. Mai sunan Inna ai dole ta yi kafiya! Kin manta ranar da Inna ta zauna a shagon tela ta ce ba ta tashi sai ya gama ɗinkin, ya gama kuwa?

Ki daina wannan sanyin naki. Yaron da ba ya zama, aiki ake ba shi. Ta riƙa rabon littattafai, ta goge allo. Ki dawo da ita gaba kusa da ke. In ta yi daidai ko da ƙanƙani ne, ki yaba mata kowa na ji. Kuma kar ki ba Mudirar nan amsa sai kin ji daga uwar yarinyar. Ki rubuta mata.

Ki gaida maigidanki Malam Ghazali, ki ce dabinon da ya aiko ya ƙare.
Yayarki

*

Zuwa ga Malama Turai,

Salamu alaikum Malama, ina gaisuwa, ya ɗawainiyar yara? Ni ce Zouera, 'yar Maraɗi, uwar ɗalibarki. Ki yi haƙuri ban zo da kaina ba. Aikin gida nake yi, sai Juma'a ake bari na in fito.

Na ga takardarki. Na zaunar da ɗiyata na tambaye ta, ta yi ta kuka. Ta ce Abla, wato ke, tana kiran kowa da sunanshi, ita kuwa sai "ke" ko a nuna ta da hannu. Ta ce ko rabon littattafan da kika ba ta, "ke, zo" kika ce. Ta ce ta yi shiru ba ki kira ba, ta yi karatu ba ki kira ba, to za ta yi ta ɓarna har sai kin kira.

Malama, in an manta ne, sunanta Bilƙisu. In kuma wani laifi muka yi miki, ki yafe mana don Allah. Kar a kore ta, ba lakwal, ba wata makaranta, da za ta karɓe ta tsakiyar shekara, ni kuma ba ni gida.

Allah Ya saka da alheri.
Zouera

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ga hoton wasiƙar uwar yarinyar, ki karanta. Ni tun da na karanta ban iya cin abin kirki ba. Wallahi girmama ta nake yi, ashe ita ƙiyayya take gani.

Na ce bari in gyara. Da safe na ce mata, "Inna, zo ki goge allo." Aji ya fashe da dariya, suna nuna ta suna "ajuza, ajuza," wato tsohuwa. Ta jefar da abin gogewar, ta ce mini cikin Hausarta mai gargada, "Ni ba Inna. Ni da suna."

Na yi musu bayani a hankali, cewa a gida mutum ba ya faɗin sunan mahaifiyarsa, saboda kunya da girmamawa. Hanifa ta ɗaga hannu ta ce, "Abla, sunan mamanki zagi ne?"

Malam ya ce babu haramci a ciki. Na sani, ni ma na yi karatun. Amma na shiga ɗaki ni kaɗai na gwada, harafin farko ya fito, sauran ya maƙale. Ji nake kamar Inna za ta leƙo daga madafa ta ce, "Wa kike kira haka?"

Mudira ta ce ranar Alhamis take son amsa. Ya zan yi?

Turai

*

Turai,

Amin sallama. Wannan karon ban yi dariya ba.

Ni ma na koyar da masu sunan Inna, Mama nake ce musu, har fahariya suke yi, domin a gida suka tashi, sun san dalili. Taki ba ta sani ba, kuma ba laifinta ba ne.

Ni ce babba, na ba ki izini. In akwai laifi yana wuyana. Abu ɗaya na roƙe ki, kar ki fara faɗinsa cikin faɗa. Ki jira ta yi abin kirki.

Allah Ya ba ki iko.
Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na faɗa.

Yau Alhamis ta biya Izaja'a ba gyara, tana tsaye da ƙafa ɗaya don neman magana. Na ce madalla, na haɗa da sunan. A hankali ya fito, ban san ko na baya sun ji ba. Ita ta ji. Ta sauke ƙafar ta ce, "Abla, sake."

Ban iya na biyu ba. Na ce ta zauna, ta zauna.

Na gaya wa Mudira a bar mini ita. Ranar Lahadi in sha Allahu zan sake gwadawa. Ki sa ni a addu'a, ki kuma yi wa Inna.

Ƙanwarki, Turai