Tsutsotsin da Suka Ƙi Girma

Litinin, 3 ga Maris
Kwalba goma sha biyu, ba tsutsa ko ɗaya da ta rikiɗe. Shekara sha shida ina kiwon ƙwaron gari a cibiyar binciken nan, na san tafiyarsu kamar ta 'ya'yana: ƙwai, tsutsa, ta kwanta fari fat kamar matacciya, sai ƙwaro. Waɗannan ci kawai suke, su yi saɓa, su ƙara ƙiba. Na duba zafin akwatinsu sau uku. Talatin, daidai. Laima ma daidai.

Laraba, 5 ga Maris
Tabarau, sabon shugaban ɗakinmu, wanda watansa biyar kacal da zuwa, ya tsaya a gaban kowa ya ce, "Malama, abin nan daga hannunki yake." Na ce wane hannun? Ya ce, "Ki tuna dai." Ki tuna dai! Yaron da na girme shi da shekara goma. Wai in ba a gano ba zuwa ƙarshen wata, zai mayar da ni wankin kwalabe ya kawo wani.
Da na fita na wanke hannuna sau biyu. Haushin kaina ya fi nasa.

Alhamis, 6 ga Maris
Ɗalibarmu mai neman babban digiri ta same ni a ɗakin kiwo, idonta jajir. Na ce ta faɗa min aikinta da Hausa, ba da Turancin allo ba. Zan rubuta yadda na gane.
A jikin tsutsa akwai sinadarin ƙuruciya, mai ce mata ta zauna a tsutsa. A cikin ƙwayoyin jikinta akwai makarɓi, kamar kunne, shi ke jin saƙon ya kunna ƙwayoyin gadon da ke hana rikiɗa. Ita tana yi wa rabin tsutsotsin allurar da ke toshe kunnen, ta gwada su da rabin da ba a taɓa ba. Na rabin da ba a taɓa ba ɗin ne suka lalace.
"Yaya, in ba abin gwadawa, shekarata biyu ta tafi."
Na ce ta share ido, ba a kuka a kan kwalba a buɗe.
A gida na ba maigida labari. Wai, "To ki ƙyale su mana, wa ke son girma a zamanin nan?" Ban yi dariya ba. Shi ya yi ta mutum biyu.

Juma'a, 7 ga Maris
Ba wanda ya sa ni. Kwalba huɗu a bayan kanta, tsutsa ashirin-ashirin. Ta ɗaya da safar hannu. Ta biyu da hannu zalla. Ta uku a sabuwar kwalba da ban taɓa wankewa ba. Ta huɗu na canza mata abinci, na zuba mata ragowar tsohuwar dusa da na samu a gindin gwangwani. Abu ɗaya kawai na canza wa kowacce.
Sakandare na gama, amma ƙirga na iya.

Laraba, 12 ga Maris
Tabarau ya gaishe ni. Na amsa da ka.

Laraba, 19 ga Maris
Ta ɗaya, babu. Ta biyu, babu. Ta uku, babu. Ta huɗu, sha huɗu sun kwanta.
Dusa ce.
Na koma baya a littafin kiwo. 14 ga Janairu, rubutuna: "Na canza mai kawo dusa. Sabuwar tsaf take, ko ƙwaro ɗaya babu." Har layi biyu na ja a ƙasa. Tsohuwar kullum da ƙwari take zuwa, sai na tankaɗe, na sa a firiza kwana uku. Na gaji, na nemo mai tsabta, ban gaya wa kowa ba don ban ga abin faɗi ba.
Mai kiwon ƙwari ta ga dusar da ƙwaro ya ƙi zama a cikinta, ta yi murna. Shekara sha shida!

Alhamis, 20 ga Maris
Na je wurin mai dusa. Yana washe baki: "Hajjaju, ai alkamar tun a sito ake fesa mata maganin ƙwari na zamani. Ba kisa yake ba, girma yake hana su." Na ce me ya sa bai faɗa min ba? Ya ce, "Kin tambaya? Tsabta kika ce kina so." Na ɗauki hoton takardar maganin na fito kafin bakina ya kuɓuce.

Asabar, 22 ga Maris
Ba wanda ya san da kwalabe huɗun nan. In na koma tsohuwar dusa shiru, komai zai gyaru da kansa, Tabarau ya rasa bakin magana. Shafi ɗaya ne a littafin, yagewa kawai. Na ma sa yatsa a gindinsa.
Sai dai yarinyar za ta tsaya gaban manya ta kare alƙaluman wata biyu ba ta san abin da tsutsotsinta suka ci ba.
Kuma wani abu ya tsaya min. Na bi layin waɗanda ta yi wa allura: dusa ɗaya suka ci da sauran, amma duk sun rikiɗe. Ban san ma'anarsa ba. Wataƙila ba komai.
Maigida ya ce, "Ke da ba ki iya ɓoye ƙonon tukunya ba?"

Litinin, 24 ga Maris
Na ajiye wa Tabarau littafin da hoton a tebur, na ce, "Hannuna ne. Shafi na sittin da biyu." Na tsaya ina jiran ya ce ai ya faɗa, na ma shirya amsa tun a mota.
Bai ce ba. A tsaye ya yi ta karatu. Ya sa yatsa kan layin masu allura. "Kin tabbata buhu ɗaya ne?" Na ce ga lambar buhun a gefe, kullum ina rubutawa. Ya ƙwala wa ɗalibar kira. Wai maganin kwaikwayon sinadarin ƙuruciya yake, waɗanda aka toshe wa kunne ba su ji shi ba, shi ya sa suka wuce abinsu. Abin da take son nunawa ke nan. Sai sun maimaita, amma ba daga farko ba.
Ta rungume ni har ta kusa zubar da kwalba.
Ni kuma ya ce dole a ba ni takardar gargaɗi. Ta farko a rayuwata. Haƙurin tsawar da ya yi min a gaban mutane kuwa, shiru.

Litinin, 31 ga Maris
Takardar ta zo, tana ƙasan akwati. Ɗakin kiwo yana nan a hannuna.
Tsohuwar dusa ta dawo da ƙwarinta. Ina tankaɗe Tabarau ya leƙo, wai in nuna masa yadda nake jera littafina, yana so kowa ya bi. Na ce sai na gama. Ya jawo kujera ya zauna yana jira, ƙura na hau masa wando.
Har yanzu bai ba da haƙuri ba, ban kuma manta ba.
Rariyar da Tabarau, to, Dakta, ya ɗauka ta yi masa girma. Gobe in tuna in kawo masa ƙaramar.